Kindirmon nonon akuya ya ƙi kama mini a sanyin Jos, ina kuskuren yake?

Maman_Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sanyi. Don Allah masu sani ku taimaka mini. Kusan shekara biyu ke nan ina fama da kumburin ciki da murɗa, yau gudawa, gobe kuma bayan gida ya ƙi fita. An yi gwaje-gwaje, likita ya ce IBS ne, wato hanjin ne ke da saurin harzuƙa. Ya ba ni jerin abin da zan ajiye na mako shida: madarar shanu, alkama, wake, albasa, tafarnuwa. Ni kuwa da kindirmo aka raine ni, rabuwa da shi ya fi mini rabuwa da burodi wuya. Wata maƙwabciyata ta ce nonon akuya ba shi da sukarin nan da ke kumbura ciki, sai na sa aka samo mini lita ɗaya daga wajen Tilden Fulani. Na dafa, na bari ya huce, na zuba cokali biyu na yogot ɗin kanti, na rufe na ajiye a kicin. Da safe na buɗe na tarar da ruwa tsululu, ga ƙarni. Sau biyu ke nan. A Rikkos nake.

DanTerminus: Wa alaikumus salam. Hajiya, a Jos, cikin Disamba, kika ajiye abu a kicin kina jiran ya kama? Mu da muke kwana da safa da hular sanyi? Ai wannan firij kika saka shi ba ki sani ba.

Hajiya_Gangare: Maman Iman, yaron nan wasa yake yi amma gaskiya ya faɗa. Kindirmo ɗumi yake so kamar jariri. Ni shekara da shekaru ina yin na shanu a gida. In na dafa madarar sai in bar ta ta sauka har in iya tsoma ɗan yatsana in ƙirga goma ba tare da na ji ƙuna ba. A nan nake zuba iri, wato tsohon kindirmo, in juya a hankali, in juye a kwalba mai faɗin baki, in saka cikin kula tare da robobi biyu na ruwan zafi, in lulluɓe da bargo. Kada ki buɗe ki leƙa, kada ki jijjiga. In kin bar madarar ta huce sarai kafin ki zuba irin, to tun daga nan kika yi asara.

Maman_Iman: Wallahi Hajiya sai da ta yi sanyi ƙalau na zuba, ina tsoron kada zafi ya kashe irin.

Likitan_Awaki: Bari in fara da gyara maganar maƙwabciyarki, don kada wani ya ɗauka ya cutu. Nonon akuya yana da sukarin madara, wanda ake kira laktos. A cikin giram 100 akwai wajen giram 4 da ɗan wani abu, na shanu kuma ya kusa giram 5. Bambancin kaɗan ne ƙwarai. In kika sha shi ɗanye ko dafaffe kawai, abin da madarar shanu ke yi miki shi ma zai iya yi. Abin da ke rage sukarin shi ne aikin ƙwayoyin bakteriya masu mayar da madara kindirmo: su ke cinye laktos su mayar da shi tsami.

Sannan kafin ki ɗora wa sanyi laifi duka, tambayi wanda ya sayar miki ko an yi wa akuyar allura kwanan nan. Masu kiwo da yawa suna yi wa dabba allurar kashe ƙwayoyin cuta su ci gaba da tatsa washegari. Maganin yana fita a cikin nonon, kuma dafuwa ba ta kawar da shi gaba ɗaya. Irin wannan nono ko a aljihu kika kwana da shi ba zai kama ba, don maganin ya kashe irin. Haka nan in akuyar ba ta daɗe da haihuwa ba, dakashi ne, yana taɓa wuta yake guntsewa.

Yar_Ruga: Likita ya yi gaskiya a kan allura. Amma ni mamaki nake yi da aka ce an samu lita guda ta nonon akuya a lokaci ɗaya. Mu a gidanmu shanu muke tatsa, akuya 'ya'yanta muke bar wa. Jar akuyar nan tamu in ta ba ki rabin lita a yini ta yi ƙoƙari, da rani ma ba ta kaiwa. Anti, ki tabbata ba a haɗa miki da na shanu ba.

Sani_Dilimi: Ko da ruwa da garin kuka, kamar yadda ake yi mana a nonon tasha.

Yar_Ruga: Malam Sani, ba kowa ba. Kuma mai saye ne ke son a cika masa ƙwarya da kuɗin ludayi biyu. Innata ba ta taɓa sa kuka a kindirmo ba. Ta dafa, ta juye a ƙwaryar da aka saba yi a ciki, ta ɗiga na jiya kaɗan, ta rufe da faifai ta ajiye kusa da murhu. Ba ma'aunin zafi, ba agogo.

Sani_Dilimi: Allah ya huci zuciyarki, ban ce innarki ba.

Malamin_Kimiyya: Ga lambobin ga mai ma'aunin zafi na girki. A ɗora madarar ta kai digiri 82 zuwa 85, a riƙe ta a nan kamar minti goma zuwa ashirin a wuta kaɗan ana juyawa. A sauke ta sauko zuwa wajen 43, a zuba iri, sannan a tsare ta tsakanin 38 da 43. In ta faɗi ƙasa da 30 ƙwayoyin sai su yi kasala, in ta haura 50 sai su fara mutuwa. Wani abin lura: Jos tana kan tudu, mita 1,200 da wani abu sama da teku, don haka ruwa a nan yana tafasa ne a wajen digiri 96, ba 100 ba. Wato in kin ga madara ta fara ƙananan kumfa a gefen tukunya tana tururi, kin kusa inda ake so, ba sai ta taso ta zube ba.

DanTerminus: Malam ya shigo da allo da alli. Hajiya_Gangare ta ce yatsa, shi ya ce digiri.

Hajiya_Gangare: Yatsana bai taɓa cin batir ba.

Anti_Ladi_Nas: Maman Iman, sannu da jiki. Ina so in ja kunne a kan abu biyu. Na farko, duk wanda zai yi wannan ya dafa nonon, kada a ce wai ɗanye ya fi albarka. Ɗanyen nonon akuya yana iya ɗauke da cutar burusela, mai sa zazzaɓi ya riƙa zuwa yana komawa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi. Mutum sai ya yi wata da watanni ana ɗirka masa maganin maleriya da taifot a banza. Na biyu, ke an riga an duba ki an ce IBS ne, to alhamdu lillahi. Amma masu karanta mu a ɓoye, in akwai jini a bayan gida, ko rama ba dalili, ko gudawa mai tashin mutum cikin dare, wannan ba na kindirmo ba ne, asibiti za a nufa.

Likitan_Awaki: Buruselar nan ita ce makiyaya ke kira bakkale a jikin shanu, mai sa ɓari da kumburin gwiwa. Mai garke in ya ga ɓari ya yawaita, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana nan kusa da mu, tun 1924 take wannan aiki.

Baban_Khalifa: Ni dai na san nonon akuya maganin ulsa ne. Kawuna ya sha na wata uku ya warke sarai.

Anti_Ladi_Nas: Baban Khalifa, Allah ya ƙara wa kawu lafiya, amma madara kowace iri ce lallashin gyambon ciki take yi na ɗan lokaci, daga baya ta sa cikin ya ƙara zubo ruwan tsami. Yawancin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, H. pylori, ko yawan shan magungunan ciwon jiki. Mutum biyu 'yan Ostareliya da suka gano ƙwayar, Barry Marshall da Robin Warren, har kyautar Nobel aka ba su a 2005. Ana gwada ta, ana kashe ta da magani na kamar mako biyu. Kuma abin da ke damun Maman Iman ba ulsa ba ne.

Baban_Khalifa: To ni gani na yi, ba ji ba.

Ummi_Kubwa: Ku kuna kukan sanyi, mu a Abuja kukan zafi muke yi. A watan Maris in na haɗa da safe na ajiye a kan kanta, kafin la'asar ya kama, in na manta shi zuwa dare ya yi tsamin da sai an runtse ido. Ni da garin madarar akuya na gwangwani nake yi, wanda ake samu a manyan kantunan Wuse, amma kuɗinsa sai a hankali. Abin da na lura, na akuya ba ya taɓa yin kaurin na shanu ko me na yi. Don haka Maman Iman, ko ya kama, kada ki sa ran za ki yanka shi da cokali ya tsaya.

Likitan_Awaki: Haka halittarsa take. Wani nau'in furotin da ke sa na shanu ya daskare da ƙarfi ya yi ƙaranci a nonon akuya, ƙwayoyin maiƙonsa kuma ƙanana ne. Shi ya sa yake fitowa laushi laushi, kuma wataƙila shi ya sa wasu ke cewa ya fi kwanta musu a ciki.

Jummai_Bukuru: Ki zuba madarar gari cokali uku, zai yi kauri kamar na kanti.

Mai_Tsara_Abinci: A'a Anti Jummai, ga mai lafiya wannan dabara ce mai kyau, amma ga Maman Iman ƙara mata laktos ɗin da take gudu ne, kuma na shanu. Bari in ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri, aikina ne.

Jerin da likitanta ya ba ta, albasa da tafarnuwa da alkama da wake da madara, shi ne tsarin da ake kira FODMAP, wanda masana a jami'ar Monash ta Ostareliya suka tsara. Duk abubuwan suna da wasu nau'o'in sukari da hanji ba ya tsotsewa da kyau, sai su wuce babban hanji su jawo ruwa, ƙwayoyin bakteriyar can su yi ta cin su suna fitar da iska. Ba hani ne na har abada ba. Mako biyu zuwa shida ake yi, sannan a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya don a gane wane ne ainihin mai laifin. Sau da yawa sai a tarar albasa ce, madara ba ruwanta.

Kindirmon da aka bari awa shida zuwa takwas, abin da ƙwayoyin ke cinyewa na laktos bai wuce wajen kashi ɗaya cikin huɗu ba. Duk da haka mutane da yawa da madara ke ɓata wa ciki suna shan kindirmo lafiya, domin ƙwayoyin da ke cikinsa suna taya hanji narkar da ragowar. Masu son a rage shi sosai su ne ke barinsa awa 24 cur a cikin ɗumi. Wannan ya fito ne daga wani tsarin daban mai suna SCD, wanda wani likitan yara a Amurka, Sidney Haas, ya faro, daga baya Elaine Gottschall ta yaɗa shi, kuma masu ciwon kumburin hanji irin su Crohn ne suka fi binsa. Na awa 24 yana da tsami sosai kuma sukarinsa ya ragu ƙwarai, sai dai ni ba zan rantse miki cewa babu ko ɗigo ba, tunda a gida ba mai aunawa.

Kada kuma a cakuɗa tsarin biyu. A SCD an yarda da zuma amma an hana duk wani hatsi, har acca da shinkafa, an kuma hana dankalin turawa. A FODMAP shinkafa da dankalin turawa ba matsala, zuma ce ake taka wa birki. Ke bi wanda likitanki ya ɗora ki a kai, ki ari dabarar awa 24 ɗin kawai.

DanTerminus: Tsarin da ya hana mutumin Filato dankali da gwaten acca ai ba tsari ba ne, hukunci ne.

Maman_Iman: Na gode ƙwarai Mai_Tsara_Abinci, yanzu na gane abin da likita ke nufi, shi a tsaye ya yi mini bayanin. Amma awa 24 a cikin kula? Ruwan ai zai huce. Wutar lantarki kuma kun san halinta, ba zan dogara da ita ba.

Hajiya_Gangare: Sauya ruwan za ki riƙa yi. Ki haɗa bayan sallar asuba, ki sauya robobin da azahar, ki sake bayan isha'i, in sanyin ya yi tsanani ki ƙara sau ɗaya kafin ki kwanta. Robobin kawai za ki zare da sauri, kwalbar kada ki taɓa ta. Kuma kada ki ajiye kular a kan siminti, ki ɗora ta a kan katako ko tsohon bargo. Simintin Jos ɓarawon zafi ne.

Malamin_Kimiyya: Ko babban fulas na abinci mai ƙarfe a ciki. A ɗauraye shi da tafasasshen ruwa ya ɗauki zafi, a zubar, a juye madarar kai tsaye. Amma shi awa takwas zuwa goma yake riƙewa da kyau, don awa 24 dabarar Hajiya ta fi.

Ummi_Kubwa: Maganar kauri, ni jalatin nake ɗan sawa.

Ustaz_Naraguta: Malama Ummi, a duba kwalin da kyau. Jalatin da yawa daga fata da ƙashin alade ake yin sa, sai wanda aka rubuta na shanu ne ko na kifi kuma aka tabbatar da halaccinsa. Tunda ana maganar nono, in tuna mana addu'ar da aka koyar in an sha shi: Allahumma barik lana fihi wa zidna minhu.

Ummi_Kubwa: Na shanu ne Ustaz, da tambarin halal a jiki. Amma na gode da tuni.

Mai_Tsara_Abinci: Ba ma sai an kai ga jalatin ba. In ya gama, a saka shi a wuri mai sanyi ya kwanta na wasu awanni, sannan a shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta, irin na tatar koko, a kan rariya, a juye a bari ruwan ya tsiyaye. Riba biyu ce: ya yi kauri, kuma laktos ɗin da ya rage wani kasonsa yana bin ruwan ya fita. Sai dai lita guda za ta koma kamar rabi.

Amarya_2020: Don Allah tambaya a gefe. Yarona wata biyar, madarar gwangwani ta yi tsada kuma tana sa masa ƙuraje. Zan iya ba shi nonon akuya?

Anti_Ladi_Nas: Ƙanwata, a'a, don Allah kada ki fara. Jaririn da bai shekara ba ba a mayar masa da nonon akuya ko na shanu abincinsa. Na akuya yana da ƙarancin bitamin ɗin folik asid sosai, yana jawo ƙarancin jini, gishirinsa da furotin ɗinsa kuma sun fi ƙarfin ƙodar jariri. In kuma ƙurajen nan na rashin jituwa da furotin ɗin madarar shanu ne, yawancin irin waɗannan yara na akuya ma yana tayar musu, don furotin ɗin 'yan uwan juna ne. Ki kai shi a duba shi, ki ci gaba da ba shi mama gwargwadon iko.

Amarya_2020: To Anti, na ji. Surukata ce ta kawo shawarar.

Sani_Dilimi: Ni abin da ban gane ba, me ya sa Yar_Ruga za ta sha madara kofi uku ta tashi lafiya, ni in sha rabin kofi cikina ya yi ta kiɗan kalangu?

Mai_Tsara_Abinci: Gado ne, Malam Sani. Kowane jariri yana da sinadarin narkar da laktos a hanjinsa, amma a yawancin mutanen duniya yana raguwa bayan yaye. Al'ummomin da suka daɗe suna kiwo suna shan madara, irin su Fulani da mutanen arewacin Turai, da yawansu nasu ba ya raguwa har tsufa.

Yar_Ruga: Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

DanTerminus: Ƙarasa mana: maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Maman_Iman: Kun manta da ƙarnin fa. Maigidana ya shigo kicin ya tambaya ko bunsuru ne ya kwana a ciki.

Likitan_Awaki: Bai yi nisa da gaskiya ba. In bunsuru yana kwana garke ɗaya da akuyar da ake tatsa, warinsa yana kama gashinta da hannun mai tatsa, nono kuma ba abin da ya kai shi ɗaukar wari. Sannan maiƙon nonon akuya yana da wasu sinadarai masu wannan ƙamshin na musamman, suna ƙara fitowa in nonon ya daɗe a ɗumi ko aka yi ta girgiza shi a hanya, kamar a bayan babur daga Tilde zuwa Rikkos. A raba bunsuru, a wanke hantsa da ruwan ɗumi a goge, a zubar da tatsar farko, a tace, a dafa da wuri. Wanda aka tatsa da safe aka dafa kafin hantsi kusan ba ya ƙarni.

Jummai_Bukuru: Kuma ki duba yogot ɗin da kika yi iri da shi. Na roba mai zaƙi da ake sha da tsinke, wani duk sitaci ne da sukari, wani kuma an sake dafa shi don ya daɗe a kanti, ba ƙwaya mai rai a ciki. Ki nemi marar sukari wanda aka rubuta yana da ƙwayoyi masu rai, ko ki karɓi kindirmon jiya a wajen mai yi da kanta.

Hajiya_Gangare: Ta aiko yaro Gangare in ba ta nawa.

Maman_Iman: Salam, na dawo da labari bayan kwana huɗu. Na aika an karɓo iri wajen Hajiya, Allah ya saka da alheri. Mai nonon ya rantse ba allura, amma ya amsa cewa awaki uku yake haɗawa kafin lita ta cika, don haka Yar_Ruga kin yi gaskiya. Na bi yatsan Hajiya, na sauya robobi sau uku, na cika awa 24. Ya kama! Ba kamar na shanu ba, in na karkata kwalbar yana motsi, amma da na tace ya zama kamar man shafawa. Tsami kam ba a magana. Ƙarnin ya ragu, bai tafi duka ba. Na fara da ƙaramin cokali biyu shekaranjiya, jiya na sha rabin kofi, cikin ya ɗan yi ƙugi da yamma amma ba murɗa. Sai dai jiyan na ci miyar gidan biki, ban sani ba ko da albasa a ciki.

Mai_Tsara_Abinci: Miyar biki ba albasa? Maman Iman, kin ɓata gwajin. Ki koma cokali biyu zuwa uku na kwana uku ba tare da kin taɓa wani sabon abu ba, ki riƙa rubutawa. Tunda kina cikin makonnin hani, ki gaya wa likitanki kin shigo da shi. In tsamin ya dame ki, yanka 'yan strawberry na Vom kaɗan a kai, lokacinsu ne. Ban da zuma tukuna.

Ummi_Kubwa: Ni har yanzu ina ganin da na shanu ta yi na awa 24 ɗin, sakamakon ɗaya ne, ga sauƙin samu ga araha.

Baban_Khalifa: Ba ɗaya ba ne. Na akuya daban ne.

Mai_Tsara_Abinci: In laktos ne kaɗai matsalarta, Ummi ta fi kusa da gaskiya. In ta gama da wannan ta gwada na shanun ita ma, cikinta ne zai raba gardamar.

Maman_Iman: Zan gwada in sha Allah. Yanzu dai kwana nawa yake yi a firij, kuma zan iya ɗibar iri daga wannan na awa 24 ɗin?

Hajiya_Gangare: Mako guda in da wuta, in babu ki shanye cikin kwana biyu, duk da sanyin nan yana taimakawa. Iri kuwa kada ki ɗiba daga mai tsamin nan, ya gaji. In kin zo sauyin ruwa na farko, ki ɗebi cokali biyu daga wata 'yar kwalba daban da kika haɗa tare da babbar, ki ajiye a sanyi.

Maman_Iman: To. Na kuma fara yi wa maigida maganar mu sayi akuya biyu mu ɗaure a bayan gida. Ya ce in fara tambayar kabejinsa da latas ɗinsa.